Iskar da ba wanda ya auna

Talata, Gombe.

Da safe na bi ta Bolari zan tafi makaranta, na tarar da ɓarnar iskar daren jiya. Kwanon wani shago ya naɗe kamar tabarma a gindin darbejiya, ƙusoshinsa na nan maƙale a jikin rafta. Ana ta jaje. Wani dattijo ya ce tun da yake bai ga irinta ba, wani ya ce ta bara ta fi ta ƙarfi. Kowa da bakinsa, ba mai shaida. Ma'aunan NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, galibi a filayen jirgin sama suke, filinmu na Lawanti kuwa ba nan kusa ba ne.

Da wannan na shiga aji, sai na ajiye darasin yau na ba su labarin masu bincike na jami'ar Texas Tech a Amurka. Idan mahaukaciyar guguwar teku ta doso gaɓa, mutane na gudu, su kuma suna can suna kakkafa ƙananan na'urori masu ƙafa uku da suke kira StickNet. Kowace da batirinta, tana auna ƙarfin iska da matsinta da zafi da danshi. Dalilin shi ne, tauraron ɗan Adam saman gajimare yake gani, iskar da ke ɗage rufi kuwa a ƙasa take, inda gidaje da bishiyoyi ke karya ta. Unguwa da unguwa ma sai ta bambanta. Ga shi manyan tashoshin auna yanayi sukan mutu da zarar wuta ta ɗauke. Guguwar Laura da ta afka wa jihar Luwiziyana ran 27 ga Agusta 2020, da iska mai gudun kilomita 240 a awa, har na'urar radar mai hango hadari ta birnin Lake Charles ta farfasa.

Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, mu ai ba mu da teku." Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Na ce yawancin manyan guguwoyin Atlantika daga hadarin da ke ratsa yankinmu da damina suke faro, su yi yamma, su faɗa teku ta wajen Senegal.

Abin da ke ci mini rai shi ne kafinta zai sake buga kwanon nan gobe bai san da wane irin ƙarfi zai kara ba. Bayan La'asar na rubuta wa shugaban makaranta takarda, ina roƙon a saya mana ma'aunin iska da na ruwan sama, yara su riƙa rubutawa kullum.