Fitilar da aka ce in kashe

Na ajiye aiki a garejin, kuma tunda yaran da muka yi aiki tare suna ta kirana suna tambayar dalili, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan wurin ba, haka ma na manaja. Duk wanda ya san harkar motoci a Bauchi ya san irin wurin: ana sayo motocin da suka yi haɗari a wuraren gwanjo na Amurka, a shigo da su ta Legas, a gyara, a fesa fenti, a jera a bakin titi a matsayin tokumbo. Sana'a ce ta halal, ni ma a cikinta na ci abinci. Motar da ta bugu a ƙofa ko a bamba, in an gyara ta yadda ya kamata, ba ta da aibi, ita ce ma ta sa malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci suke iya mallakar abin hawa.

Rigimata da manaja a kan jakar iska ta taso, wato jakar da ke fitowa ta cika ta tare mutum idan mota ta yi karo. An kawo wata Camry da ta daki wani abu da gaba. Jakar sitiyari ta fita, ta gefen fasinja ma haka, bel ɗin kujerun gaba duka biyu sun ƙage. Na rubuta abin da aikin ke buƙata: jaka biyu, bel biyu, na'urorin da ke jin duka a gaban mota, da 'yar kwamfutar da ke ba su umarni. Manaja ya duba lissafin ya ce, "Injiniya, wannan kuɗin ai ya cinye ribar motar. Sa rizisto, a rufe murfi, a wuce wurin."

Masu aikin wayarin sun san abin da yake nufi, amma bari in yi bayani saboda sauran. A cikin kowace jaka akwai ɗan abin tayar da wuta, kamar kan ashana, wanda ke kunna sinadarin da zai cika jakar da iska. Kwamfutar tana tura ɗan lantarki kaɗan ta cikinsa don ta tabbatar yana nan, tana neman tirjiya ta wajen om 2 (om shi ne ma'aunin tirjiyar lantarki). In ba ta samu ba, sai ta kunna jar fitila a gaban direba. Idan ka laƙa rizisto, wato ɗan ƙaramin abin da ke yi wa lantarki tirjiya, mai wannan ƙarfin a bakin wayar, kwamfutar za ta ɗauka jakar na nan lafiya lau. Sai a goge tarihin haɗarin daga cikinta, a samo murfin sitiyari, a cusa soso ko tsumma a ramin. Ka murza makulli, fitilar ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, daidai yadda take yi a lafiyayyar mota. Wannan ya fi cire ƙwan fitilar muni nesa ba kusa ba. Wanda ya cire ƙwai, mai saye mai lura zai gane, domin zai ga fitilar ba ta kama ba sam. Rizisto kuwa tana iya yaudarar har da sikana, na'urar da muke karanta kwamfutar mota da ita.

Abin da ya sa na kafe shi ne, waɗannan kayan aikinsu sau ɗaya ne, kuma ba a gwada su a gareji. Birki in ya lalace direba zai ji a ƙafarsa, ya dawo da mota. Jakar iska ba a sanin babu ita sai ranar da aka neme ta. Tana cika a ƙasa da kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, kafin kan direba ya isa sitiyari. Bel ɗin ma ba igiya ce kawai ba. Tun da Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai riƙe ƙirji da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da ƙirar kyauta, an ƙara masa abubuwa biyu. Akwai ɗan abin fashewa da ke fizge bel ɗin ya manne mutum a kujera da zarar an ji duka, akwai kuma wani ƙarfe a cikin naɗin da ke murɗewa ya ɗan saki bel ɗin don kada ya karya haƙarƙari. Da zarar sun yi aiki sun gama. Bel ɗin da aka kwance ya koma yana ja yana komawa, ido zai ga bel, amma waɗancan biyun babu su.

Na ce masa, "Yallaɓai, a yi ɗaya cikin biyu. Ko a sayo kayan, ko a bar fitilar a kunne a gaya wa mai saye gaskiya, a rage masa kuɗi." Ya ce, "Kai ne za ka koya mini sana'a? Wanda kwanansa ya ƙare, ko jaka goma aka sa masa sai ya tafi." Ban musa masa a kan ajali ba. Amma maganarmu a kan ciniki take. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu a cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce, "Wanda ya yi ha'inci ba ya tare da ni." Ni ban ga bambancin wannan da tsumma a cikin sitiyari ba, sai dai a ce nan rai ake magana.

Aikin aka ba wani yaro da ke ƙarƙashina, ya yi. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali kuma ba shi da takardar da zai nemi aiki da ita a wani wuri. Motar ta fita, ban san hannun wa take ba a yau, kuma wannan na damuna fiye da duk abin da aka yi mini daga baya.

Abin da aka yi mini kuwa ba kaɗan ba ne. Aka karɓe sikana daga hannuna, aka mai da ni wajen canjin baƙin mai da tace iska. Da kwas ɗin koyon gyaran motoci masu haɗa batir da fetur ya zo, wanda ni na nemo labarinsa na cike takardun, sai aka tura ƙanin matar manaja. Aka gaya wa Alhaji mai wurin cewa ina da jinkirin aiki kuma ina tsorata masu saye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fom ɗin duba mota da na tsara, mai nuna abin da aka canza da abin da aka gyara a kowace mota. Manaja ya cire layin jakar iska da na bel, ya kai wa Alhaji a matsayin aikinsa, aka yaba masa a gabana.

Bayan jakar iska, abu na biyu da muka yi ta sa-in-sa a kai shi ne miƙe ƙarfen gaba da wuta. Masu gyaran bodi namu gwanaye ne, na ga sun mai da motar da ta murɗe kamar ba ta taɓa buguwa ba. Sai dai gaban motar zamani da gangan aka yi shi ya lanƙwashe. Injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya kawo wannan tunani a farkon shekarun 1950: gaba da baya su naɗe su shanye ƙarfin duka, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya da ƙarfinsa. Shi ya sa idan na ji ana cewa motocin yanzu gwangwani ne, na da su ne ƙarfe, raina ke ɓaci, domin tsohuwar motar da ba ta lanƙwasa jikin mutanen ciki take miƙa wa dukan. Ƙarfen da ya riga ya naɗe, aka gasa shi da wutar walda aka ja shi da sarƙa, ba zai sake naɗewa yadda aka tsara ba. Ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya a motoci da yawa da ƙarfe na musamman ake yin sa, wanda zafi ke kashe masa ƙarfi, masu ƙera motar ma cewa suke a canza shi, kada a miƙe. A wurinmu miƙewa ake, a shafe, a fesa fenti.

Ko wanda ya yi niyyar sa jaka ta gaske sai ya yi hattara da kayan Beljiyam. Kamfanin Takata na Japan ya yi jakunkuna da sinadarin amoniyam naitret, wanda zafi da danshi ke lalatawa a tsawon shekaru, har ya fasa gwangwaninsa ya watsa wa direba ɓaraguzan ƙarfe. An janye miliyoyin motoci a duniya saboda haka, kamfanin ya karye a 2017. Motocin Honda da Toyota da aka sa wa waɗannan jakunkuna suna nan birjik a titunanmu, ga zafin Maris da Afrilu, ga danshin Agusta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba, kuma shafin hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka yana nuna ko akwai janyewar da ba a gyara ba a kan motar. Kyauta ne, ba ya cin minti biyu, amma a garejin ba a taɓa sa shi cikin aiki ba.

Sauran abin da na koya gajere ne. Duk umarnin da ka ga ba daidai ba, ka nemi a rubuta maka shi, ko da ta WhatsApp ne, mai ba da shi yakan ja baya. Ka ɗauki hoton mota kafin ka taɓa ta. Lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, ka karanta su kafin ka yaba zanenta. Jakar iska ba ta maye gurbin bel, wanda bai ɗaura ba ita kanta tana iya ji masa ciwo, yaron da aka rungume a kujerar gaba kuwa ya fi kowa shiga haɗari. Direbobin hanyar Gombe da ta Jos da ke rataya bel a kafaɗa sai sun hango jami'an kiyaye haɗura su sani, ƙarfin duka a gudun kilomita 120 ninki huɗu ne na gudun 60. Kuma kada ka zaci wanda ya fi ka muƙami ya fi ka sanin aikin.

Yanzu na kama 'yar rumfa, na sayi sikana ta kaina. Mai son sayen mota ya kawo ta in duba, in kwance murfin sitiyari a gabansa idan mai sayarwa ya yarda, in ya ƙi kuma mai saye ya san abin yi. Yarana na garejin, duk wanda ke son koyon karanta kwamfutar mota ya zo da yamma, ba sai ya biya ba. Takardar shaidar aikina tana kan teburin manaja, har yau bai sa mata hannu ba, ni kuma ba zan koma roƙonsa ba.