Civilization VI: asalin wasan za ka saya ko har da ƙarinsa?

Tambayar da matasa masu sha'awar wasannin dabaru a nan Birnin Kebbi suka fi yi mini game da wasan kwamfuta na Civilization VI ita ce ko su sayi asalin wasan shi kaɗai, ko kuma su haɗa shi da manyan ƙarin nan biyu da aka yi masa daga baya, wato Rise and Fall da Gathering Storm. Ban ɗauki tambayar da wasa ba, domin kuɗin da za a biya da dala ake lissafa shi, ga kuɗin data na saukewa, ga kuma wutar lantarki da ba ta da tabbas. Amsata ita ce mutum ya fara da asalin wasan, ya kai shi ƙarshe aƙalla sau ɗaya, in ya ga ransa na son ƙari sai ya sayi Gathering Storm, ya jinkirta Rise and Fall.

Kamfanin Firaxis ne ya fitar da asalin wasan a watan Oktoba na 2016. Kana farawa da birni ɗaya a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ka yi ta gina ƙasa har zuwa 2050, wato zagaye 500 a saurin da aka saba, sai dai in wani ya yi nasara kafin nan ta hanyar yaƙi, ko kimiyya, ko al'adu, ko addini. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne gundumomi: kasuwa da makaranta da wurin ibada kowanne yana cin fili nasa a wajen gari, kuma amfaninsa ya danganta da abin da ke maƙwabtaka da shi, kamar yadda makaranta ke ƙara ilimi idan an jingina ta da duwatsu, kasuwa kuma ke ƙara riba a bakin kogi. Wannan kaɗai ya isa ya cika wa sabon shiga kai na tsawon makonni. Wanda bai iya zaɓen wurin kafa gari ba tukuna, in aka jibga masa gwamnoni da ambaliya da majalisar duniya a lokaci guda, ruɗewa zai yi ya ajiye wasan, kuɗinsa kuma sun tafi.

Rise and Fall ya fito a Fabrairun 2018. Shi ya kawo zamanin bunƙasa da zamanin koma baya, da gwamnonin da ake turawa birane, da kuma ma'aunin biyayya, wanda ke sa birnin da ka kafa nesa da gida ya ɓalle ya bi maƙwabci. Ya zo da sababbin ƙasashe 8, cikinsu har da Zulu ƙarƙashin Shaka. Abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dukkan waɗannan ƙa'idoji suna cikin Gathering Storm ko da ba ka mallaki Rise and Fall ba. Abin da za ka rasa shi ne ƙasashensa da shugabanninsa da wasu manyan gine-ginensa, saboda haka sayensa ba na gaggawa ba ne.

Gathering Storm, wanda ya fito a Fabrairun 2019, shi ne ya sauya wasan da gaske, kuma ina ganin mutumin Kebbi zai fahimce shi tun kafin a yi masa bayani. A cikinsa kogi yana cika ya yi ambaliya, ya lalata gonaki da gine-ginen da ke fadama, amma bayan ruwan ya janye ƙasar takan ƙara albarka. Dole ka yanke shawara: ka kafa gari a bakin kogi ka ci moriyar ƙasar tare da haɗarinta, ko ka kashe dukiya ka gina madatsar ruwa, ko ka ja da baya zuwa tudu inda amfanin bai kai ba. Duk wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadamun Argungu da Jega ya san cewa wannan lissafi ba na kwamfuta ba ne kawai. Haka kuma ƙarin ya shigo da wutar lantarki, inda ƙona kwal da mai ke ɗumama duniya har teku ta fara cin garuruwan gaɓa, sannan ya buɗe hanyar nasara ta diflomasiyya ta majalisar duniya.

A cikinsa ne kuma aka sa Mali ƙarƙashin Mansa Musa, wadda ita ce ƙasar da na fi jin daɗin riƙewa. Garuruwanta suna samun abinci da ƙarfin addini idan hamada ta kewaye su, ma'adinanta suna ba da zinariya mai yawa amma suna rage ƙarfin gini, don haka ba ka gina abubuwa da hannu kamar sauran ƙasashe, saye kake yi, musamman bayan ka kafa kasuwarta ta musamman mai suna Suguba. Wanda ya saba da wasa da ƙasa mai dogaro da masana'antu zai sha mamaki a zagayen farko, domin garuruwan Mali kan yi kamar ba su motsi, sai ayarin fatake ya fara kai da kawowa kafin a ga taskar ta cika. Masu neman Songhai, daular da Kanta na Kebbi ya ɓalle daga gare ta a ƙarni na 16, ba za su same ta a matsayin ƙasar da ake riƙewa a wannan wasa ba. Tana cikin Civilization V na 2010 ƙarƙashin Askiya, ta kuma dawo a Civilization VII na 2025, wanda ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa.

Sai batun na'ura, wanda bai kamata a tsallake ba. Mafi ƙarancin abin da asalin wasan ke buƙata shi ne RAM mai gigabait 4, amma a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka irin waɗanda ɗalibai ke saye na hannu, zagayen ƙarshe-ƙarshe kan ɗauki lokaci mai tsawo, fanka na kuka, batir na zuba, ga zafin watan Afrilu. Gwada asalin wasan a kan ƙaramar taswira zai nuna maka ko na'urarka za ta ɗauki ƙarin nauyi kafin ka sake biyan kuɗi. Idan kuma da abokai za ku yi ta intanet, ku daidaita tun farko, domin ba za a yi wasa da ƙa'idojin wani ƙari ba sai kowa ya mallake shi. Masu zama wuri ɗaya suna da mafita mai sauƙi, wato tsarin karɓa-karɓa a kan kwamfuta guda, inda saye ɗaya ya ishi kowa.

Hali ɗaya ne kawai nake sassauta wannan ra'ayi. Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, kan yi rangwame mai yawa a tsakiyar shekara da ƙarshenta, kuma a irin wannan lokaci kunshin da ya haɗa asalin wasan da manyan ƙarin biyu, kamar Platinum Edition ko Anthology, yakan fi sayen ɗai-ɗai araha. In ka dace da haka kuma aljihu ya yarda, ka saya, amma da ka buɗe sabon wasa ka zaɓi ƙa'idojin asali a wurin saiti, ka bar na Gathering Storm sai ka iya tsara gundumominka ba tare da dogon tunani ba.