Godiya ga waɗanda suka zo daren tunawa da Ornette Coleman

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. A madadin mu huɗu da muka hau dandamali ranar Asabar da daddare a nan Bronx, ina miƙa godiya ga duk wanda ya ajiye uzurinsa ya zo sauraron kiɗan jaz da muka shirya don tunawa da Ornette Coleman, mai busa sakso, wanda ya mutu a nan New York ranar 11 ga Yunin 2015 yana da shekara 85. Ni ne mai ganguna, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a cikinmu, shi ya sa godiyar Hausa ta faɗo a kaina.

Zan fara da iyayenmu dattawa. Da na kai muku takardar gayyata, wasunku sun tambaye ni ko a mashaya za a yi, domin an san a nan ne irin wannan kiɗa ya fi zama. Wannan tambaya ce ta sa muka nemi zauren taro na unguwa, muka kuma ja lokaci zuwa bayan sallar isha'i. Kun zo da manyan rigunanku, kun cika sahun gaba, har abokan kiɗana suka tambaye ni ko sarakuna na gayyato. Allah Ya ƙara girma, Ya ja da rai.

Na san abin da muka ɗora muku ba mai sauƙi ba ne. Daga inda nake zaune ina hango fuskoki, na ga yadda aka riƙa kallon juna lokacin da mai sakso da mai ƙaho suka rabu, kowa ya kama gabansa, kamar an yi musu faɗa. Ba kuskure suka yi ba, haka kiɗan yake. A jaz na gargajiya fiyano ne ke shimfiɗa hanya, mai busa ya yi ta yawonsa amma ba ya sauka daga kanta. Ornette ya fitar da fiyano daga ƙungiyarsa ɗungurungum, ya bar wa karin waƙa jagoranci, mai bes (ƙaton kayan kiɗa mai tsirkiya) da mai ganguna su bi shi da kunne duk inda ya karkata. Da wannan tsari ya fitar da faifansa The Shape of Jazz to Come a 1959, tare da Don Cherry a ƙaho, Charlie Haden a bes, Billy Higgins a ganguna. Yawancin abin da muka kaɗa muku daga can muka ɗauko, kuma mu ma ba mu kawo fiyano ba.

Wanda kansa ya ɗaure a daren nan kada ya ji kunya, manyan makaɗan Amurka ma sun ɗaure. Mutumin nan haifaffen Fort Worth ne a jihar Texas, a 1930. Tun yana saurayi, a garin Baton Rouge, wasu suka tare shi bayan wasa suka lakaɗa masa duka, suka lalata masa sakso. A Los Angeles aikin tuƙa lif ya yi don ya ci abinci, kuma in ya hau dandamali ya fara busa, sai wasu makaɗan su tattara kayansu su sauka. Sakson da ya yi suna da shi fari ne na roba, saboda kuɗinsa bai kai na ƙarfe ba. Da ya iso kulob ɗin Five Spot na New York a Nuwamban 1959, gari ya rabu biyu, wasu na cewa gwani ne, wasu na cewa ɗan damfara ne. Sai a 2007 aka ba shi lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta Amurka. To ku da kuka ji shi karon farko kuka zauna daram har ƙarshe, babu wanda ya tashi ya fita, kun yi masa karamcin da mutanensa ba su yi masa da wuri ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Godiya ta musamman ga Baba, dattijonmu ɗan Damagaram, wanda ya riƙe hannuna bayan an tashi ya ce, "Ɗana, wannan ai kukan algaita ne a ƙofar fada, sai dai an rasa sarkin." Mun yi dariya, amma Baba bai yi nisa da gaskiya ba. A 1973 Ornette ya tafi ƙauyen Jajouka a tsaunukan arewacin Maroko, ya yi busa tare da masu gaita na can, wadda 'yar'uwar algaitarmu ce, kuma wani ɓangare na abin da suka ɗauka ya fito a faifansa na 1977. Da na fassara wa mai saksonmu maganar Baba, sai ya ce a duk yabon da aka taɓa yi masa babu wanda ya kai wannan.

Abokan tafiyata uku, ba ku jin Hausa, amma za a fassara muku. Mai bes, wanda ya sha jan wannan ƙaton kaya a matakalar jirgin ƙasa duk ranar atisaye bai taɓa ƙorafi ba. Mai ƙaho, wanda leɓensa ya tsage ana saura kwanaki, likita ya ce ya huta, ya ce ya ji, ya kuma zo ya busa. Mai sakso, wanda ya ƙi kwaikwayon Ornette sauti da sauti, ya ce mutumin da ya ƙi bin sawun kowa ba a girmama shi da bin sawunsa. Da farko na yi masa gardama, amma a daren nan na ga ribar taurin kansa. Ko tsofaffin yaran Ornette da suka haɗu a 1976 suka kafa ƙungiyar Old and New Dreams, wato Cherry da Haden da Dewey Redman da Ed Blackwell, waƙoƙinsa suka ɗauka, amma da muryarsu suka yi magana. Ni dai Blackwell ne malamina na kunne, domin gangunansa kamar magana suke.

Iyayenmu mata da yayyenmu da suka kwana tuyar masa, suka haɗa zoɓo da kunun aya, Allah Ya saka da alheri. Turawan da suka zo don jaz sun koma suna tambayar inda ake sayar da masa. Matasan Zango na Kumasi da Accra da suka jera kujeru suka kuma kwashe su, da yaron da ya riƙe na'urar sauti har ya kashe mana ƙugin da lasifika ta tayar ana dab da farawa, da mai kula da zauren da ya ƙara mana lokaci bai karɓi ko kwabo ba, duk na gode. Maƙwabciyata ta ƙasa, wadda ta sha dukan ganguna a saman kanta, ita ma ta zo, har da furanni.

Uwargida, ke kin san naki ba ya faɗuwa a nan. Allah Ya bar mu tare.

Masu tambayar bidiyo, ana kan gyara shi, zan sa shi a shafin nan da zarar ya kammala. Akwai kuloli biyu na abinci da wani gyale ruwan toka da aka manta a zauren, suna wurina, mai su ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Na gode, na gode. Allah Ya bar zumunci.