Rufin asibitin Beaune ya ci mini mako uku

Mako uku na yi a tsakar gidan Hôtel-Dieu, tsohon asibitin garin Beaune, a yankin Burgundi na Faransa, ina kwafar zanen rufinsa layi-layi: ja, ruwan ƙasa, rawaya da kore. A zatona aikin maginan 1443 nake kwafa, shekarar da Nicolas Rolin, wazirin mai mulkin Burgundi, da matarsa Guigone de Salins suka kafa asibitin domin talakawa. Ashe ba haka ba ne. Tayil ɗin nan mai sheƙi an sake shimfiɗa shi ne tsakanin 1902 da 1907, a ƙarƙashin mai tsara gini Louis Sauvageot, kuma tsarin zanen nasa ne. Har yau abin na ci mini rai.

Laifina ne, na fara da ido kafin takarda. Ginin ya shiga jerin kayan tarihin da gwamnati ke karewa tun 1862, kuma irin wannan gini ba a taɓa shi ba tare da an bar rubutu ba: zanen mai tsara gini, lissafin kuɗi, odar kaya. Da na fara buɗe fayil ɗin gyare-gyare, yini ɗaya ya ishe ni.

Alamar ma tana gabana ban kula ba. Tayil ɗin hannu ba ya zuwa kai ɗaya, wani ya fi wani kauri, gefe ya ɗan karkace, launi ya sha bamban gwargwadon inda wuta ta same shi. Na rufin nan kuwa sumul, kamar an yanka da reza.

Da na shiga babban ɗakin marasa lafiya, mai tsawon kusan mita 50, faɗin 14 da tsayin 16, wanda rufinsa na katako ya yi kama da kifaffen jirgin ruwa, sai na riƙa tuhumar komai. Gara da na yi hakan: gadajen da ke jere da jajayen labule da yawancin fentin katakon sun fito ne daga gyaran mai tsara gini Maurice Ouradou, surukin mashahurin mai gyaran tsofaffin gine-gine Viollet-le-Duc, a shekarun 1870.

Yanzu fensir uku nake ɗauka, kowane zamani da launinsa: ƙarni na 15, ƙarin da aka yi daga baya, sai gyaran ƙarni na 19 da na 20. Ba na shafa wa dutse launi a zanena sai takarda ta goyi bayansa. Zanen rufin nan dai yana nan cikin jaka, na goge 1443 na rubuta 1907 a kansa.