Haƙorin da na rasa ina zargin gaɓa

Wata 7 cif na yi ina shan maganin kashe zafi saboda ciwon da na yanke wa kaina hukuncin cewa na muƙamuƙi ne, alhali haƙori ne yake mutuwa a bakina. Har yau idan harshena ya kai ga gurbin da turmin ƙasa na ɓangaren hagu ya bari, sai haushin kaina ya dawo mini sabo, domin ina ganin likita duk bayan wata 3 a tsawon wannan lokaci, kuma babu abin da ya hana ni buɗe baki a duba, in ban da sabon da na yi na ɗora wa cuta ɗaya laifin duk abin da ya same ni.

Shekara 9 ke nan da aka tabbatar mini da amosanin gaɓɓai, irin wanda yake tafiya tare da cutar fata ta soriyasis. Wanda yake fama da shi ba ya buƙatar in ba shi labarin yatsan da yake kumbura tun daga gindi har farce, ko diddigen da ba ya takuwa da safe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda cutar take gyara wa mutum tunani a hankali, har ya zama kowane sabon ciwo yana da suna tun kafin a bincika shi. Baya ya riƙe, amosani ne. Gajiya ta hana ni tashi, amosani ne. Sau da yawa kuwa gaskiya ne, shi ya sa sabon yake da wuyar bari. Na kuma san cewa mahaɗar muƙamuƙi da take gaban kunne tana cikin gaɓɓan da wannan cuta take iya kamawa, saboda haka da na fara jin wani ciwo mai nauyi yana tashi daga ƙasan kuncina na hagu yana hawa zuwa kunne, ban tsaya wata-wata ba, na ce ita ma ta shiga layi.

Babban kuskurena ya faru ne a ɗakin likitan gaɓɓai, kuma jimla ɗaya ce. Ya tambaye ni ko akwai sabon abu, na ce masa, "Likita, muƙamuƙina ma ya fara." Ya danna gaban kunnena, ya sa na buɗe baki na rufe, na ce akwai ɗan zafi, ya rubuta, muka wuce zuwa maganar gwiwa. Hukuncin da na riga na yanke na miƙa masa, na riƙe alamomin a cikina. Ban gaya masa cewa ruwan sanyi yana sa ciwon ya tsarge ni har cikin kai ba. Ban gaya masa cewa buroshina yana fitowa da jini kusan kullum ba, ko cewa wani ɗanɗano marar daɗi yana taruwa a wannan ɓangaren, ko cewa mai ɗakina ta taɓa ce mini cikin dabara numfashina ya sauya. Gaɓa ba ta san ruwan sanyi ba. Jijiyar haƙori ce take amsa masa. Da na ambaci wannan kaɗai, na tabbata da tun ranar ya tura ni wurin likitan haƙori.

Daga nan sai naproksen, maganin kashe zafin da nake sha, ya ƙarasa aikin. Dama ina da shi a gida saboda kwanakin da gaɓɓai suke tashi, kuma yana kwantar da ciwon haƙori kamar yadda yake kwantar da na gwiwa, don haka duk lokacin da na sha na sami sauƙi sai in ƙara gamsuwa cewa hasashena daidai ne. Bayan wata 4 ko 5 zafin ruwan sanyin ma ya ɗauke gaba ɗaya, na yi murna. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa wannan ɗaukewar ita ce alamar jijiyar da take cikin haƙorin ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun sami hanyar gangarawa zuwa ƙarshen saiwa.

Yadda bakina ya kai ga wannan hali ba abu ne na dare ɗaya ba, kuma a nan ne amosanin yake da hannu da gaske, sai dai ta bayan gida. Da safe yatsuna sukan yi kusan awa ɗaya kafin su saki, buroshi kuwa siriri ne, riƙe shi yana buƙatar damƙar da ba ni da ita a wannan lokaci. Na koma goge haƙoran gaba cikin daƙiƙa 20 ko 30, na bar na can ciki saboda isa gare su yana buƙatar murɗa wuyan hannu. Zaren sakace kuwa na daɗe da jefar da shi, domin naɗe shi a kumburarren yatsa azaba ce. Da dasashi ya fara jini sai na ƙara sassautawa a wurin, ina ganin kamar ina tausaya masa ne, alhali jinin alama ce ta cewa dattin da yake manne a gindin haƙori ya hasala shi, kuma barin wurin yana ba dattin damar daskarewa ya zama abin da buroshi ba ya iya cirewa. Metotireksat, maganin amosanin da nake sha sau ɗaya a mako, yakan fesa mini ƙananan gyambuna a cikin kunci, su ma su ba ni wani dalilin kauce wa wasu wurare. Sannan ga amitiriftilin da aka ba ni don ciwo da barci, wanda yake busar da baki ƙaf. Ni kuwa na ɗauki bushewar a matsayin ƙaramar damuwa, ban san yawu ne yake wanke haƙori yana kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta suke fitarwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ni kuwa nawa bangon ta wurare huɗu ya tsage.

Ina da ɗan ƙorafi a kan waɗanda suke kula da ni, ko da yake ba ya wanke ni. Kafin a fara yi mini allurar adalimumab ta amosanin an gwada ni tarin fuka, an gwada ciwon hanta, an ɗauki hoton ƙirjina, ana kuma ɗibar jinina a kai a kai don duba hanta da ƙwayoyin jini saboda metotireksat. A duk wannan tsantseni babu wanda ya taɓa tambayata yaushe rabona da likitan haƙori. Rabona da shi kuwa shekara 4 ne. Kamar dai baki wani gida ne dabam da ba ya cikin jiki.

Ranar da asiri ya tonu na farka ne kuncina ya kumbura har ƙasan haɓa, bakina ba ya buɗuwa sosai, amma jikina babu zazzaɓin kirki. Wannan ma ya so ya yaudare ni, sai dai likitar haƙorin da ta duba ni ta ce magungunan da suke danne garkuwar jiki suna iya rage alamomin da mutum ya saba gane ciwo da su, saboda haka rashin zazzaɓi ba hujja ba ne ga irina. Ta ɗauki hoton haƙorin, sannan ta bi gindin haƙorana ɗaya bayan ɗaya da wani siririn ƙarfe mai ma'auni, tana kiran lambobi mataimakiyarta tana rubutawa. Lafiyayyen dasashi zurfin ramin da yake tsakaninsa da haƙori ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Ni a haƙoran gaba na ji 2 da 3, da ta matsa ciki na fara jin 5 da 6, da ta zo kan turmin nan ta ce 9. A hoton ta nuna mini ruɓar da ta ci gindin haƙorin, da baƙin tabon mugunya a ƙarshen saiwa, da wurin da ƙashin da yake riƙe haƙorin ya zaizaye har tsakanin saiwoyin biyu. Ta ce, "Malam, da watannin baya ka zo, da wanke saiwa da ciko sun isa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa." Na tambaye ta ko akwai wani abu a mahaɗar muƙamuƙin. Ta taɓa, ta sa na motsa iyakar yadda kumburin ya bari, ta ce ba ta ga alamar komai ba.

Abu ɗaya da na yi daidai a ranar shi ne na tafi da kwalayen magungunana duka a jaka, ba don hikima ba, sai don ban yarda da ƙwaƙwalwata wajen sunayensu ba. Ta karanta su a tsanake kafin ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta kuma gargaɗe ni cewa mai shan metotireksat kada ya kuskura ya haɗa shi da Septrin ko wani magani mai tirimetofirim, domin haɗuwarsu tana iya durƙusar da ɓargon da yake ƙera ƙwayoyin jini. Ta yi magana da likitan gaɓɓaina ta waya, karo na farko ke nan da waɗannan mutane biyu suka san da juna, suka amince a dakatar da allurar da metotireksat har ciwon ya mutu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. An tsiyaye mugunyar, an cire haƙorin, amma ramin ya yi jinkirin warkewa, sai da na tsallake allura biyu, ita kuwa duk mako 2 ake yin ta. Kafin in koma kanta gwiwata ta dama ta cika da ruwa, yatsu biyu sun kumbura, ƙyasbin soriyasis da ya shekara 2 bai fito ba ya dawo a gwiwar hannu da fatar kai. Sai da na yi kusan wata 3 kafin jikina ya koma inda yake. Wato ciwon da na ƙi kaiwa wurin likitan haƙori saboda ina ganin na gaɓa ne, shi ne a ƙarshe ya tayar mini da gaɓɓan da suke kwance lafiya. Wannan lissafin ne yake hana ni barci wani lokaci, fiye da haƙorin kansa.

An yi mini wankin ƙarƙashin dasashi a zama biyu, kuma wannan bai buƙaci dakatar da kowane magani ba. A lokacin ne likitar ta gaya mini cewa bincike ya sha nuna ciwon dasashi mai cin ƙashi ya fi yawa a tsakanin masu soriyasis, kuma sinadaran kumburi irin su TNF da IL-17, waɗanda allurorinmu suke tarewa, suna da hannu a cututtukan biyu. Ta ƙara da cewa idan wata rana aka sauya mini allura zuwa masu tare IL-17, irin su sekukinumab, in riƙa lura da farin gansakuka a harshe da cikin kunci, domin wannan sinadari yana cikin masu kare baki daga gare shi. Ban mayar da wannan bayani uzuri ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne bakina yana cikin wuraren da ya kamata in fi sa wa ido tun ranar da aka gano cutar.

Sauye-sauyen da na yi ba su da yawa, kuma abin takaici shi ne sauƙinsu. Na koma buroshi mai aiki da batir, wanda mariƙinsa yake da kauri, aikina kawai in ɗora shi a gindin haƙori in bar shi ya yi motsin da wuyan hannuna ya kasa. Na daina goge baki da zarar na tashi. Nakan jira har yatsu su saki, ko in tsoma hannuwana a ruwan ɗumi tukuna, sannan in cika minti 2 ina gogewa, babban gugan kuma na mayar da shi dare lokacin da hannu ya fi biyayya. A madadin zare ina amfani da ƙananan buroshin tsakanin haƙora masu dogon mariƙi. An rubuta mini man goge baki mai ƙarfin 5000 na fuloraid, sinadarin da yake kare haƙori daga ruɓewa, wanda ya ninka na yau da kullum fiye da sau 3, aka ce in tofar kawai kada in kurkure da ruwa. Ruwan kurkure baki na kuloheksidin na yi amfani da shi mako 2 na ajiye, domin yana rina haƙora idan aka daɗe a kansa. Da na kai kukan gyambunan baki, likitan gaɓɓai ya ƙara mini kwanakin shan folik asid, bitamin da ake haɗa wa mai shan metotireksat, suka ragu ƙwarai, abin da zai iya yi tun shekarun baya da na faɗa masa. Amitiriftilin kuwa an rage shi, ina kuma kwana da ruwa a gefen gado.

Abin da ya fi wuya shi ne sauya yadda nake magana a gaban likita. Yanzu nakan hana kaina faɗin sunan ciwo, in faɗi inda yake, da abin da yake tayar da shi, da abin da yake kwantar da shi, in kuma faɗi sau nawa na sha maganin kashe zafi a kansa. Ba kullum nake cin nasara ba. Kwanan baya wani haƙori na sama ya fara yi mini tsami, na kama kaina ina lallashin zuciyata cewa wataƙila muƙamuƙi ne a wannan karon, har hannuna ya kai ga kwalin naproksen. Na mayar da shi, na kira aka ba ni rana. Ƙaramin rami ne, an cike shi a zama ɗaya.

Duk wata 3 nake komawa a bi gindin haƙorana da ƙarfen nan. A zuwan da na yi na ƙarshe wuraren da suke 6 sun dawo 4, jinin ya tsaya sai a wuri ɗaya, amma haƙorin da yake bayan gurbin ya fara karkatowa gaba, kuma maganar dasa wani a wurin tana jiran a ga ko ƙashin da ya rage zai iya riƙe shi.