Godiya bayan dawowarmu daga Teksas

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, mun iso gida Miniyapolis ta jihar Minesota lafiya, ni da uwargida, da motarmu mai ɗaki, irin wadda ake kwana a yi girki a ciki, da ta sha wuya tare da mu. Jiki duk ya yi tsami, bashin barci ma ba mu gama biya ba, amma bai kamata in ƙara kwana ban yi godiya ba. Kun riga kun san abin da ya same mu a kan titin I-35 tsakanin Wicita da Emporiya a jihar Kansas, inda tayar baya ta fashe mana muna cikin tafiya. Allah ne Ya tsare, Shi ne abin godiya.

Bayan Allah, sai bawan Allah nan mai gyaran taya da ya zo mana gefen titi gab da magariba. Wannan yanki fili ne fetal na makiyaya, gari na nesa da gari, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta. Tireloli na wucewa, motar tana rawa. Mutumin nan kafin ma ya sauke jak ya ce a rufe tukunyar gas, a kashe firji da murhu. Dalilinsa shi ne idan tayar baya ta fashe a irin wannan mota, ɓawonta da wayoyin cikinta kan yi ta dukan ƙasan ɗakin, su yanke waya, su fasa bututun ruwa, wani lokaci har na gas. Ya kwanta a ƙasa mai sanyi da tocila a baki, ya bi mahaɗan bututun gas ɗaya bayan ɗaya da kumfar sabulu, sai da ya ga babu inda kumfa ke tashi sannan ya taɓa noti. Ba a cikin kuɗin aikinsa wannan yake ba. Da ya ga hannun uwargida na rawa, ya tura ta cikin motarsa ta zauna a ɗumi. Allah Ya saka masa da alheri, Ya tsare shi a kan wannan hanya da yake neman abinci a gefenta.

Shi ne kuma ya haska mana jikin tayar. Tayar ciki ce daga cikin tagwayen baya, wadda ido ba ya kaiwa. Zanenta bai cinye ba ko kaɗan, shekaru ne suka cinye ta. Kowace taya tana da lamba bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 3617 na nufin mako na 36 a shekarar 2017. Tayar irin wannan mota tsufa ke kashe ta, domin ta fi zama fiye da tafiya, ga ranar kudancin Teksas tana gasa gefenta wata da watanni har ya tsattsage. Daga shekara biyar ta fara buƙatar bincike duk shekara. Waɗanda suka sayar mana da motar da cewa tayoyinta sababbi ne, na bar su da Allah. Sai kuma iska: duk saukar digiri 10 a ma'aunin Farenhait na rage wa taya kusan kashi 2 cikin ɗari na iskarta. Wanda ya cika iska fam 80 a zafin garin Makalan na kudancin Teksas, ya wayi gari a sanyin Oklahoma, ba fam 80 ke gare shi ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe. A auna kowace safiya kafin a motsa, har da na ciki.

Kawu, kai ma dole in ambace ka ko da ba ka so. Shekarun da ka yi kana jan tirela su suka yi mana rana. Kai ka nanata mana cewa idan taya ta fashe kada ƙafa ta je birki, a riƙe sitiyari gam, a ɗan ƙara totur har mota ta daidaita, sannan a sassauta a hankali a gangara gefe. Kai kuma ka kira cikin dare ka ce a sake ɗaure notuna bayan mil 50. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Godiya ga Malam liman da jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a, da iyalin da suka buɗe mana ƙofarsu a Damoyin ta jihar Ayowa alhali ba su taɓa ganinmu ba. Maigidan ne ya duba hasashen yanayi ya ga daren zai sauka ƙasa da digiri 32 na Farenhait, inda ruwa ke daskarewa, ya ce ruwa ba zai kwana a bututu ba. Ruwa idan ya daskare ƙaruwa yake da kusan kashi 9 cikin ɗari, abin da ke fasa famfo da mahaɗai ke nan. Ya zubar da tankin ruwan sha, ya buɗe magudanan ƙasa, ya bar tukunyar ruwan zafi ta huce ya zubar da ita, ya juya makunnin da ke sa ruwa ya kewaye ta don kada ta shanye galan shida na ruwan hana daskarewa a banza. Sannan ya tura ruwan hana daskarewa mai launin hoda, galan biyu zuwa uku sun isa, yana buɗe kowane famfo, na zafi da na sanyi, har da shawa da bayan gida, sai launin ya fito. A kiyaye, na motar ɗaki ake sakawa, na lagireto guba ne, ba ya shiga bututun sha. Matarsa kuwa tuwo ta tuƙa mana da miyar kuka cikin wannan dare. Allah Ya albarkaci zuri'arku, Ya yalwata arzikinku, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Maƙwabcinmu da ya share dusar ƙanƙara a ƙofar gida duk hunturu, ya kunna ɗumi kafin mu iso, na gode. Akwai na jini da ke zaune bai fi tafiyar awa biyu daga inda muka tsaya ba, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, har yau kuma shiru. Wataƙila da uzuri. Allah Ya bar zumunci.

Masu shirin tasowa daga kudu a makonnin nan, hanyar ta haura mil 1,400, kuma ana fita da rigar shan iska a iso cikin ƙanƙara, Allah Ya kawo ku lafiya. Masu son zuwa barka da sauka, ku bari sai bayan sallar Juma'a, mu ɗan miƙe baya. Motar kuwa tana gareji, za a canja tayoyin shida gaba ɗaya, ruwa ba zai koma bututunta ba sai an shiga watan Mayu.