Rakiyar Alhaji zuwa Guangzhou

Rabon Alhaji da ƙasar Chaina tun kafin 2014. A shekarun nan ƙaninsa ne ke zuwa ya yo odar atamfa da leshi da yadi, shi kuma yana Kantin Kwari riƙe da shaguna. Bana ƙanin bai ji daɗin jiki ba, sai Alhaji ya ce da kansa zai halarci baje kolin Canton, kuma da ni za a tafi, tunda ni ke kula da kwamfutocin ofis da imel ɗin kamfani. Da na ce masa akwai shirin da ya kamata a yi wa wayoyinsa kafin mu tashi, ya miƙo mini ɗaya, ya mayar da ɗayar aljihu. "Wannan ta iyali ce, Injiniya, ba ruwanta da kasuwa." Ban ja da shi ba. Wadda ya ba ni na sa aka buɗe wa layinta romin, don ya yi aiki a ƙasar waje, na zuba mata kuɗi isassu, na kuma buga lambobin ko-ta-kwana na imel ɗin kamfani a takarda na sa a jakar fasfo.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, inda 'yan kasuwar Kano da na Onica da na Mali da Kwango suka haɗu a ƙofa ɗaya, kowa da jakunkuna a ninke, ba komai ciki, sai a dawowa za su cika. Daga nan sama da awa 10 ne a sama kafin a sauka filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Ƙarshen Afrilu ne, iskar garin da ɗumi da laima, riga na manne wa mutum a baya tun kafin ya kai bakin titi.

Ba mu ɗauki kaya ba ma Alhaji ya fara kira na. Ya hau Wi-Fi ɗin filin jirgi, ya tura wa gida saƙon mun sauka lafiya, saƙon ya tsaya da ɗan hoton agogo a gefe. Ya sake turawa. Ya kashe wayar ya kunna. Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiyar wayar ƙalau, WhatsApp ɗin ne ba ya aiki a intanet ɗin ƙasar nan." Ya dube ni kamar bai yarda ba, don shi abin da ya sani shi ne ya taɓa zama a ɗakin otal a wannan garin ya buɗe Gmail ɗinsa. Gaskiyarsa ne, sai dai zamanin ya wuce. Facebook tun 2009 aka toshe shi, Gmail a ƙarshen 2014, WhatsApp kuma a 2017. Duk wani layi ko Wi-Fi na cikin ƙasar ta bayan wannan katanga yake bi.

A unguwar Xiaobei muka sauka, inda baƙi 'yan Afirka suka fi yada zango. Ga benen Tianxiu cike da shaguna hawa bisa hawa, ga ƙananan gidajen taliyar hannu na Musulmin Chaina masu koren allo, ga masu tura kwalaye a amalanke har tsakar dare. A otal suka karɓi fasfo ɗinmu suka shigar da mu rajista, domin doka ce a sanar da 'yan sanda masaukin kowane baƙo.

Mutane kan ce Alhaji yana da gaggawa, kuma ba ƙarya suka yi ba: in ya ce yanzu, to yanzun yake nufi. Amma a wannan karon duk wanda ya san abin da ke gabansa ba zai ga laifinsa ba. Kwantenarsa na zaune a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, kowace rana da kuɗin da ake caji a kanta. Banki na jiran takardar farashi ta ƙarshe da ta jerin kaya kafin a nemi PAAR, wato takardar ƙiyasta harajin kaya, daga kwastan, ejan mai fitar da kaya kuma ba abin da zai iya sai takardar ta fito. Washegari 1 ga Mayu, hutun ma'aikata a Najeriya. Ga tazarar awa 7 tsakaninmu da gida: sa'ad da bankin Kano ke buɗewa ƙarfe 8 na safe, mu muna ƙarfe 3 na yamma, sa'ad da zai rufe ƙarfe 4 mu muna 11 na dare. Takardun kuwa masu kayan sun riga sun turo, amma ba imel ɗin kamfani suka tura ba, tsohon Gmail ɗin Alhaji na kansa ne, wanda yake karantawa a babbar kwamfutar ofishinsa kawai, ba ya kuma yarda kowa ya shiga. Makullin ofishin ma yana jakarsa. Na ce ko a roƙe su su sake turowa ta wata hanya. Aka ce ofishin nasu yana Keqiao a lardin Zhejiang, magatakardar da ke riƙe da takardun ta riga ta kama hanyar garinsu, su ma hutun farkon Mayu ya zo.

A irin wannan hali abin da ya fi ɓata lokaci shi ne a riƙa taɓa komai lokaci guda. Alhaji na tsaye a kaina yana cewa a kira masu otal, a canja ɗaki, a sayo sabon layi, ni kuwa ɗaya bayan ɗaya nake bi. Kwamfutar ta kama Wi-Fi? Ta kama. Akwai intanet a bayansa? Na buɗe shafukan bincike na Baidu da Bing, duk suka buɗe nan take. To ba laifin otal ba ne, canja ɗaki ba zai yi magani ba, sabon layin Chaina ma bayan katangar zai tsaya. Sai na kashe Wi-Fi, na kunna datar layin gida, na raba wa kwamfutar daga wayar.

Alhaji ya tambaye ni, ya aka yi layin Najeriya ke buɗe abin da na masu ƙasar ba ya buɗewa, alhali turakunsu yake amfani da su? Tambaya ce mai kyau. Layin da ke romin aron turaku kawai yake yi; datarsa sai ta koma kamfanin gida kafin ta fita duniya, kamar saƙon da dole sai an mayar da shi tashar garinsu an sa masa hannu sannan ya wuce inda za shi. Shi ya sa shafukan ke ganin ka kamar kana Najeriya. Shi ya sa kuma yake da nauyi, ga tsada. Kafin na buɗe komai na hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin Alhaji yana cikin guruf-guruf na 'yan kasuwa da na masallaci da na dangi, kuma abin da ya taru tun daga Adis Ababa ya isa ya cinye kuɗin da na zuba. Kwamfutar ma na shaida mata datar awo ce, kada ta shiga sabunta kanta.

Shafin Gmail ya buɗe. Alhaji ya ja kwamfutar gabansa, ya kāre da hannu ya rubuta kalmar sirri. Sai aka nemi lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6, wadda ɗansa ya saita masa a wata manhaja, kuma manhajar tana cikin wayar iyalin. Ya karanto, aka ce ba daidai ba. Ya jira sabuwa ta fito, ya karanto a hankali, aka sake ƙi. Nan ransa ya ɓaci sosai, ya fara cewa an sace masa akwatin imel. Na roƙe shi ya dakata, domin yawan gwadawa kan sa a tsare mutum na wani lokaci, mu kuwa lokacin ne ba mu da shi. Na ce, "Alhaji, don Allah ara mini wayar nan." Ya ɗan yi jim, ya miƙo.

Agogon wayar daidai yake da na bangon ɗakin, ba abin zargi a ido. Sai da na shiga saitin lokaci na ga abin da ya faru. A cikin jirgi, don kada lokutan salla su rikice masa, ya kashe saitin da ke gyara lokaci da kansa, ya tura agogon gaba da awa 7 da hannu, amma yankin lokacin na nan a kan Afirka ta Yamma. Wato a lissafin wayar, Legas ce ta kai wannan ƙarfen. Irin wannan manhaja ba ta buƙatar intanet ko kaɗan, da wani mabuɗi na sirri da lokacin duniya take haɗa lambar, kuma duk daƙiƙa 30 take canjawa. Wayar tana ba shi lambar da sai bayan awa 7 za ta yi aiki. Na mayar da saitin, na zaɓi lokacin Beijing, wanda shi kaɗai duk faɗin ƙasar ke bi a hukumance. Agogon fuskar wayar bai motsa ba ko da minti ɗaya, lambar da ta fito kuwa ta shiga a take. Alhaji ya ce, "Ikon Allah," ya zauna a bakin gado.

Saura turawa. Banki daga adireshin kamfani yake karɓar takardu, don haka na mayar da su can, na koma Wi-Fi ɗin otal don rage kashe data, tunda imel ɗin kamfanin ba a hannun Google yake ba. Saƙonni na shigowa, amma nawa ya maƙale a akwatin fita. In imel na shiga ba ya fita, ƙofar fitar ake dubawa. Tun kafin zuwana kamfanin an saita Outlook ɗin kwamfutar a kan ƙofa ta 25, wadda otal-otal da kamfanonin intanet da yawa ke rufewa saboda masu watsa saƙonnin banza. Na mayar da ita 587 tare da ɓoye bayanai, saƙon ya fice. Kafin ƙarfe 9 na dare jami'in banki ya kira ya ce sun gani. Sai a lokacin muka tuna ba mu ci komai ba tun abincin jirgi, muka sauka muka ci taliya da romon naman sa a shagon wani dattijo mai farar hula.

A shagon ne wani matashi ya ji muna Hausa ya matso, ya ce zai sa wa Alhaji VPN kyauta, wato manhajar da ke zagaye katangar, komai zai buɗe. Alhaji ya fara laluben aljihu, na ce ya yi haƙuri. Matafiya da yawa da ita suke dogara, amma VPN mai lasisi kaɗai dokar ƙasar ta sani, tun 2017 ma aka cire manhajojinta daga kantin Apple na Chaina, kuma yau ta yi aiki gobe ta ƙi. Babban abin da ya hana ni shi ne wannan: duk abin da wayar za ta aika ta hannun mai VPN ɗin zai bi, ba mu san shi ba, ba mu san abin da za a sa a wayar da sunanta ba, wayar kuma da manhajar banki a ciki. Na gwammace a biya kuɗin romin.

Baje kolin kansa a Pazhou ake yi, ana zuwa ta jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 8. Tun 1957 ake gudanar da shi, sau biyu a shekara, kowane karo zango uku, kuma na ukun ne na yadi da tufafi da takalma da jakunkuna. Girman wurin sai wanda ya taka. Ƙafa kan gaji ba a gama zaure ɗaya ba. Ba wanda ya tambaye mu imel ko WhatsApp, kowa wayarsa yake miƙowa a ɗauki lambarsa ta WeChat, manhajar aika saƙo ta Chaina. Alhaji ya ƙi da farko, ya ce manhajojin sun yi yawa. Da ya ga yana aika hoton zanen atamfa ana dawo masa da farashi kafin ya bar rumfar, manhajar kuma na fassara masa rubutun, shi da kansa ya riƙa miƙa waya.

Akwai wani saƙo da na gani a akwatinsa daren da muka buɗe, na ce a bar shi tukuna. Da sunan masu kayan ya zo, da tambarinsu, yana cewa asusunsu na da ya samu matsala, a tura cikon kuɗin wani sabon asusu. Da na duba adireshin da kyau, harafi ɗaya ne ya bambanta da nasu. Tunda mai kamfanin yana da rumfa a Pazhou, muka je muka nuna masa ido da ido. Mutumin ya karanta, fuskarsa ta canja, ya ce ta bakin tafinta ba su canja asusu ba kuma ba su aika wannan ba, ya shiga kiran ofishinsu nan take. A rumfar muka yi yarjejeniya: duk maganar lambar asusu sai an tabbatar da murya, a lambar da aka sani, ko da saƙon daga adireshin gaskiya ya fito. Da dare na sa Alhaji ya canja kalmar sirrinsa, muka duba jerin na'urorin da ke shiga akwatin, muka duba ko an saita tura saƙonninsa wani wuri a ɓoye.

Juma'a a masallacin Xianxian muka yi ta, ba nisa da Xiaobei, inda mutanen garin ke danganta wani kabari da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Sahu ya haɗa 'yan Chaina da Larabawa da 'yan Pakistan da mu, a waje kuma masu gasa nama da gurasa sun jeru.

A hanyar dawowa, muna jiran jirgin Kano a Adis Ababa, ejan ya aiko da hoton kwantenar a kan tirela, ta bar Apapa. Alhaji ya sa na rubuta masa abin da za a yi kafin baje kolin Oktoba: a buɗe romin a layin da banki ke turo wa lamba, a buga lambobin ko-ta-kwana na kowane akwati, a sanar da masu kaya su daina amfani da tsohon adireshin, a sa WeChat tun daga gida. Ya karanta ya ƙara ɗaya da bironsa, cewa ƙaninsa ya kawo mini wayoyinsa duka mako biyu kafin tashi.